Duron Man da Ba a Roƙa

Idan ka sauka a tsibirinmu na Yanuloa ka ce Vasemaca kake nema, yara za su tsaya suna kallonka. Ce musu Maman Waisake. In kuma sauri kake yi, ce mai duro, har kare zai nuna maka gidan. Ni dai Vase nake ce mata, ita kuma ta ce mini Tevita ragon maza, domin taubasai muke, uwarta da ubana ciki ɗaya suka fito. Shekara sittin da 'yan kai muna zagin juna, ba a taɓa raba mu ba, don ba faɗa muke yi ba.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta saboda gugar kwakwa da saƙar tabarma. Mijinta ya rasu da wuri ya bar ta da 'ya'ya biyu, Waisake da ƙanwarsa Litiana, wadda yanzu take da tebur a kasuwar Suva, babban birninmu. Da kifin nan mai ƙafa takwas da rogo ta raine su, ba ta taɓa barin su sun kwana da yunwa ba.

A shekarar da kifi ya ƙare mana a kusa, wani ɗan kasuwa ya zo da tukwanen iskar numfashi na masu nutso, yana sayen dri, baƙar halittar nan da ke kwance a yashin ƙasan teku, wadda ake busarwa a kai ƙetare. Na kusa mun riga mun tsince su, sai na can ƙasa inda numfashin mutum ba ya kaiwa. Samari suka goya tukwane suka nutsa. Wata Alhamis aka fito da Waisake ƙafafunsa ba sa motsi, kwana uku ya yi ya cika. Shekararsa ashirin da huɗu. Vase ba ta yi kururuwa ba. Ta je ta zauna a gindin kwakwarsa, wadda aka shuka a kan cibiyarsa ranar da ta faɗi, kamar yadda ake yi wa kowannenmu, ta wuni a nan.

Bayan wannan ne dattawa suka sa wa Navonu tabu, wato suka haramta kamun kifi a wurin. Navonu shi ne dutsen murjanin da ke gabas da gari, nan kifi yake haihuwa. Aka kafa sanda a ruwa, aka ɗaura mata ganyen kwakwa, ba ƙugiya, ba taru, ba mashi. Sai dai ganye mu yake hanawa, ba ya hana baƙo. Wata ƙungiya daga Suva ta ji labari ta zo da jirgi mai inji, da allo mai zanen kunkuru, da mai, da riga mai aljihu biyu. Ni aka ba rigar, har da albashi. Shekara uku ina kewaya Navonu, kifi ya dawo har ya yi ambaliya ya tsallako iyaka, mata suna kama shi ruwa iya gwiwa. Ba saurayin da ya sake goya tukunya.

Ran nan wata yarinya ma'aikaciyar ƙungiyar ta zo idonta ya yi ja, ta ce masu ba su kuɗi sun koma wani aikin. Ta bar mana duro huɗu na mai, ta damƙa mini makulli, ta ce in aka yi tattali zai kai shekara. Na yi godiya, a raina kuwa na ce yarinya ba ki san inda kike ba.

Ba sai na gaya wa ɗan tsibiri mene ne kerekere ba. Ɗan'uwanka ya zo ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya ce kerekere, ya faɗi abin da yake so. In kana da shi ka ba shi, magana ta ƙare. Ba rance ba ne, ba bara ba ce, gobe kai ma za ka je wurinsa. Da shi muke tashi bayan kowace guguwa, kuma ban yarda kowa ya zage shi a gabana ba. Lokacin da ƙungiya take nan, in an roƙe ni mai sai in ce ba nawa ba ne, masu shi suna zuwa dubawa. Da suka tafi, makulli yana aljihuna, to na wa ne?

Fasto ya fara, janareton coci. Sai masu kai gawa tsibirin maƙwabta. Sai 'yan ƙwallon zari-ruga da za su je gasa. Sai mai injin yankan ciyawa. Ni kaina, ba zan yi muku ƙarya ba, na roƙi kaina sau biyu na kuma ba kaina. Sati bakwai, duro huɗu suka koma abin tarar ruwan sama.

Labari ba ya buƙatar mai kafin ya ƙetare teku. Jiragen waje suka fara zuwa Navonu da rana tsaka, suna zuba taru muna kallo daga gaɓa. Wani har ɗago mini hannu ya yi.

"Mai gadi, barka da hutawa! Rigar nan ta yi maka kyau!"

Na ji kamar in nutse. Ɗan kasuwan nan ma ya dawo da tukwanensa, ya ce in za a buɗe Navonu zai saye komai a farashi mai kyau.

Aka kira taro a zauren gari, aka dama kava, abin shanmu na taro, ƙoƙo ya zagaya. Maza suka ce tunda baƙi suna ci, gara mu ci abinmu. Ni ma bakina yana ciki, kunyar rigar ta ishe ni. Sarkinmu Ratu Inoke ya ce ko a rubuta wa wata ƙungiyar takarda a ga abin da Allah zai yi. Sai aka ji murya daga can bakin ƙofa inda mata suke zama.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. In sabuwar ƙungiyar ta zo, shekara nawa za ta yi?"

Ratu ya ce, "Uku suke yi, Maman Waisake."

"To a shekara ta huɗu wa za mu rubuta wa? Zanen aro ba ya rufe katara. Ku kuma masu cewa a buɗe, sati nawa za ku yi kuna ci? In ya ƙare ɗan wa za a goya wa tukunya? Ni nawa ya riga ya tafi, ba ni da wani. Naku nake tambaya."

Na ce bari in sassauta da wasa.

"Vase, ai jirgi ba ya tafiya da baki. Da yana yi, da ke kaɗai kin kai mu Suva."

"Da yana tafiya da ciki kuwa, da kai ka kai mu Ostareliya. Ranka ya daɗe, a bar sandar nan a ruwa zuwa sabuwar shekara. In ban kawo mai ba, ni zan tuge ta da hannuna."

Ratu ya yarda, ina jin don dai a tashi taron ne.

Washegari da safe ina shan shayi sai ga ta. Ba ta zage ni ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Ta zauna a bakin tabarma, ta sunkuyar da kai, ta sassauta murya.

"Taubashi, kerekere."

Na yi dariya na ce ta ɗauki abin da ta gani, ai ba komai a ɗakin sai ni.

"Kai ba ka da amfani. Kwakwar cibiyarka nake so. Duk abin da ta haifa na Navonu ne, muddin sandar nan tana cikin ruwa. Sai makulli. Sai kuma ka ci gaba da sintiri, ba albashi."

"Haba Vase! Kwakwar cibiya? Wa ya taɓa roƙon wannan?"

"Wa ya taɓa hanawa? Ko kai za ka fara cewa a'a a garin nan?"

Shayin ya sire mini. Na miƙa makulli.

Haka ta bi gari gida gida, ta fara da waɗanda suka sha man nan. Kowa ya ga ta tunkaro shi da sunkuyayyen kai ya san tasa ta ƙare. Wani ya gudu gona, ta bi shi har cikin gwaza ta durƙusa. Fasto ya ce shi baƙo ne, cibiyarsa tana wani tsibiri, ta ce ba komai, kerekere, hannunsa take so duk ranar Talata. Ta haɗa har da bishiyoyin waɗanda suka tafi aikin soja da na matattu. Ta fara ɗaura ganyen tabu a jikin ta Waisake, sannan sauran, bishiya arba'in da uku. Gida ɗaya ne ba ta shiga ba, na yayanta Sakiusa. A wurinmu wa da ƙanwa in sun girma ba sa zama fuska da fuska, ba sa doguwar magana, ko sunan juna ba sa kamawa. Bishiyarsa ita kaɗai ta tsaya a layin ba ganye.

Duk Talata sai a tara kwakwar, a fasa, a goge, a matse, a dafa mai, a zuba masa furen ƙamshi, a ɗura a kwalabe. Jirgin da yake zuwa mana sau ɗaya a wata ya kai wa Litiana, ta sayar a teburinta, ta sayi man inji ta ɗoro a jirgin da zai dawo. Vase ta ce kada dala ko ɗaya ta taka tsibirin nan, don kuɗi suna da ƙafa, duro kuwa sai an mirgina shi kowa yana gani. Saura kwana tara sabuwar shekara duro na farko ya sauka. Ta sa aka kafa masa rumfa a gindin kwakwar Waisake, ta sa kwaɗo, ta rataya makulli a wuya.

Ranar da na koma ruwa, mai ɗaga mini hannun nan na fara tararwa. Na bi shi har sai da ya yanke tarunsa ya bari. Na ɗaga masa hannu na ce ya gaida gida.

Amma gari ya zuba ido, kowa yana jiran ya ga wa zai fara roƙa, da kuma bakin da za ta hana da shi. Da wani ne ya zo da sauƙi. Sakiusa ne ya zo. Zai kai haƙorin ƙaton kifin nan whale, wanda da shi ake neman aure a wurinmu, tsibirin maƙwabta don ɗansa, an sa rana, man da ya yi oda bai iso ba. Ranar Talata ce, rabin gari yana wurin guga. Ya tsaya daga bayan rumfa, ya zauna a ƙasa, ya juya mata gefe. Mutumin da tunda suka girma bai taɓa neman ko allura a wurinta ba.

"Maman Waisake, kerekere. Jarka ɗaya. In jirgi ya zo zan mayar."

Magogai suka tsaya cak. Ta ɗora hannu a kan makullin.

"Yaya, tabarmin da na saƙa wa Litiana na aure suna ɗaki, a kwashe. Kwanon rufina, a ɓalle. Ɗan kunnen Inna ma ga shi. Amma man nan ba nawa ba ne."

"Makullin yana wuyan wa?"

"Wuyana, Yaya. Rataya aka yi mini. Mai shi yana can gabas, in ya ce a ba ka, ni zan ɗauka a kaina in kai maka."

"Yau ni kika ce wa a'a? A gaban mutane?"

"In na ba ka yau, gobe duk wanda ke nan yana da wa."

Ya tashi ya kaɗe zanensa ya tafi. Ita kuma ta ɗauki kwakwa ta ci gaba da guga, hawaye yana ɗiga a cikin kwano. Sakiusa ya tafi da kwalekwalen filafilai, ya isa bayan kwana biyu da ranar da aka sa, jiƙe sharkaf, dangin yarinya suka yi ta yi masa dariya. An ba su auren, amma daga ranar ya daina bi ta ƙofar gidanta, sai ya zagaya ta bayan coci. Shekara biyu haka.

Ni kaina na ji haushinta, kuma na gaya mata. Na ce jarka ɗaya ba za ta kashe Navonu ba. Ta ce duro huɗu ma da jarka ɗaya suka fara, in na manta ta tuna mini wanda ya riƙe makulli. Mata suka riƙa cewa ta zama Baturiya, ta san kifi ba ta san jini ba. Da zancen ya dawo kunnenta sai ta ce, "Ku gaya musu in sun gama gulmar su zo da magogi, Talata ta kusa." Suna zuwa kuwa, don kifin da suke kamawa iya gwiwa bai san gulma ba. Tun daga ranar Sakiusa ba wanda ya sake tunkarar duron. Wadda ta hana yayanta, kai wa?

A bara ne murjani ya yanke ta a ƙafa. Tana da ciwon suga, ta ɓoye ciwon tana ɗaure shi da ganye har yatsun suka fara baƙi. Wata safiya nas ɗin gari ta duba, ta fito ta ja ni gefe, ta ce yau ɗin nan a kai ta asibitin babban tsibiri, in ba haka ba ƙafar za ta tafi, wataƙila ta tafi da mai ita. Tafiyar awa huɗu ce. Ga shi teku ta yi sati biyar tana hauka, jirgin wata bai zo ba, mai ya yi wuya a gari. Duron Navonu kuwa yana nan da rabi.

Na shiga ɗakin na miƙa hannu wuyanta. Jikinta zafi kamar garwashi, amma ta damƙe makullin.

"Ina za ka da shi?"

"Ke za a kai asibiti, uwar taurin kai. Saki."

"Ba nawa ba ne."

"Vase, rai ake magana! Duk garin nan ba wanda zai ce don me."

"Shi ya sa. Yau ƙafata, gobe haƙorin wani, jibi ciwon kan wani. Kuma in na buɗe wa kaina, da wane ido zan kalli Yaya?"

Na ce mata mahaukaciya, na ce zan fasa kwaɗon da gatari. Ta ce in na fasa, ta rantse ba za ta shiga jirgin ba, sai dai in kai man asibiti a duba shi. Na san ta, za ta aikata. Tsoro ya kama ni sosai. Sai ta dube ni ta yi ɗan murmushi.

"Ragon maza, ka manta hanyar gidajen mutane ne? Je ka yi kerekere. Ai don irin wannan ranar aka yi shi."

Na ɗauki jarka na fita ina zaginta a fili. Gidan farko ban ma gama sunkuyar da kai ba matar gidan ta juye mini abin da ke cikin janaretonsu. Fasto ya kawo kwalba biyu. Mai injin ciyawa ya kifa injinsa a kan mazurari. 'Yan ƙwallo suka bazu cikin gari suna tsotso da tiyo. Masu ce mata Baturiya su ne suka fi kowa gudu, wata ta zo da nata a kwalbar magani. Kafin rana ta ɗaga an tara abin da aka tara, na ɗaga jarkunan na jijjiga, na san ba zai kai mu ba. Zai mutu mana a tsakiyar teku.

Ina tsaye a bakin gaɓa na rasa abin yi, sai ga Sakiusa ya ɓullo ta bayan coci, da jan tankin injinsa a kafaɗa, cike. Tun abin da ya same shi ya rantse ba zai sake zama ba mai ba, ashe ɓoyewa yake yi a ƙarƙashin gado. Ya dire shi a cikin jirgi. An riga an kwantar da ita a ciki, bai dube ta ba, ni ya duba.

"Gaya wa taubashiyarka wannan nawa ne. Ba na kowa ba ne a gabas."

Ta rufe fuska da zane. Na tayar da inji.

Sati uku ta yi a asibiti, aka cire mata yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Ranar da na dawo da ita ta ce ba gida za a fara kai ta ba. Muka tallabe ta zuwa rumfa, ta karɓi makullin da ta bar mini don sintiri, ta buɗe kwaɗo da kanta, ta zura sanda a duro ta zaro ta duba.

"Sintiri nawa ka yi?"

"Shida."

"A sati uku? Rago."

Ta juya za mu tafi, sai ta tsaya. A layin bishiyoyin, ta Sakiusa tana ɗaure da ɗanyen ganye, an yi masa wani irin ƙulli a karkace kamar na mai ɗaure akuya. Ta daɗe tana kallo. Ta sa gefen zane ta share ido.

"Ko ɗaurin bai iya ba," in ji ta.

Daga bayan rumfa muka ji an yi gyaran murya.

"Tevita, gaya mata in bai yi mata ba ta kwance."

Ta gyara makullin a wuyanta, ta kama kafaɗata.

"Gaya wa Yaya a bar shi haka. Kuma Talata da sassafe ake farawa."